Tsaga ta Tara a Bayan Hinda

A yamma da Dungas akwai wani ƙauye da bai wuce gida talatin ba, kuma a zamanin Nasara duk wanda aka haifa cikinsa sai da ya bi ta hannun mutum ɗaya, Illa wanzami. Shi ke askin suna, shi ke cire beli, shi ke kaciya, shi ke kafa wa tsofaffi ƙaho in jini ya yi musu nauyi a kafaɗa. Ɗan gajere ne baƙi mai faffaɗan kunne, in ka gamu da shi a hanya da zabirarsa ta kayan aski a rataye ba za ka waiwaya ba. Amma hannun nan nasa, tabarkalla! Tsofaffin da suka san shi har yanzu in za su yi zancensa sai su girgiza kai tukuna. An ce yakan aske jariri ɗan kwana bakwai yana barci, ya gama, ya wanke aska, jaririn bai motsa ba.

Illa ya san da haka, kuma a nan aibinsa yake. Ba ya fariya da baki, shi ba mai surutu ba ne, sai dai ba a taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Matarsa Ƙande takan ce shekara arba'in suna tare, tulu ya fashe a hannunsa, akuya ta ɓata a hannunsa, ya taɓa manta rigarsa a kasuwa ya dawo da 'yar shara, amma ba ta taɓa jin kalmar "ni ne" ta fito daga bakinsa ba. Kullum laifin na tulu ne, ko na akuya, ko na mai rumfar da ya ja shi da hira.

Shekarar da annobar agana ta shigo ƙasar, kumandan, Nasaran da ke mulkin Magariya, ya aiko da masu yin lamba, wato rigakafin da ake yi a dantse. Babbansu wani ma'aikacin likita ne mutumin Dahome, Hausarsa kamar ana tauna tsakuwa. Ya ce a nemo masa mai hannu, maigari ya nuna Illa. Wata biyu Illa ya yi yana bin su, daga Dungas zuwa Yekuwa har Dantchiao, mata suna ɓoye yara a rumbu, ana zaƙulo su suna ihu. Aikin ba wuya: a karce fata kaɗan ba tare da an fid da jini ba, a ɗiga magani, a saki yaro. Bayan 'yan kwanaki sai wurin ya tashi, mutumin Dahome ya duba ya ce ta kama.

Sauran mutane ciwon kawai suka gani. Illa shi abin ya tsaya masa a rai. Da ma a cikin sana'arsa ya lura fata ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda bakin aska kaɗai ke sa ta ta yi ja. Akwai kuma wata mata da ya taɓa yi wa ƙaho, da ya shafa mata man gyaɗa a wurin sai ya kumbure nan take, alhali mutum ɗari ya shafa wa man nan ba abin da ya same su. To ga shi yanzu Nasara sun zo da wata hikima, suna ajiye abu a ƙofar fata su jira ta amsa. Ya yi ta juya abin cikin zuciyarsa, bai gaya wa kowa ba, ya ajiye shi kamar yadda yake ajiye tsohuwar aska a ƙasan zabira.

Shekara goma sha wani abu suka wuce. Ɗansu na fari, Mamadu, ya yi aure yana noma a Yekuwa. Da yake ɗan fari ne, ba Illa ba Ƙande ba mai kama sunansa, "yaron nan" suke ce masa ko da gemu ya cika masa fuska. Da 'yarsa Hinda ta isa yaye, sai aka kawo ta wurin kakanninta kamar yadda aka saba. Yarinya ce 'yar dumurmur mai manyan idanu, ba ta cika kuka ba, in ta ga abu sai ta tsura masa ido har ya ji kunya.

Nan fa tsoho ya narke. Mutumin da bai taɓa goya 'ya'yansa a kafaɗa ba, sai ga shi yana rarrafe a tsakar gida yana kukan jaki. "Amaryata" yake ce mata. Ƙande ta yi ta yi masa tsiya, ta kuma kafa masa doka guda: kada ya kuskura ya ba yarinyar nan kayan zaƙi, don zaƙi ke lalata cikin yaron da aka yaye. Illa ya ce to. Ranar kasuwar Dungas ta zagayo, ya gama askinsa a rumfa, ya bi ta wurin wata mai tallan kantu, alewar nan ta riɗi, ya sayi ɗan gutsure. A cikin zabirarsa akwai wani ƙaramin aljihu inda yake sa goro, nan ya tura shi. Da ya iso gida da la'asar sakaliya, Hinda ta taryo shi a zaure, ya waiga hagu ya waiga dama, ya ɓanɓaro abin da bai kai ƙwayar wake ba ya sa mata a baki. Ya ɗauki buta ya tafi masallaci yana murmushi shi kaɗai.

Da ya dawo ya tarar ana tuwo, Hinda na sosa wuya, jikinta ya yi rudu-rudu. Ƙande ta ce borin jini ne, ta shafa mata toka, kafin a kwanta ya lafa. Ba wanda ya ƙara tunawa.

Kasuwa biyu suka wuce bai samu mai kantun ba. Ta uku ya same ta. Ran nan leɓunan Hinda suka kumbura, idanunta suka rufe ruf, ta amayar da kunun da aka ba ta. Maƙwabciyarsu, wata tsohuwa Tamu, ta leƙo ta kan danga ta ce ai abin a fili yake, ranar kasuwa ce, baƙi ke ratsa gari da idanu iri-iri, kuma ba duk mai tafiya kasuwa ne mutum ba. Aka yi turare, aka rataya laya, aka hana yarinya leƙa ƙofar gida ranar kasuwa. Zaure kuwa ai cikin gida ne, ba wanda ya hana ta zaure.

Mai karatu zai ce, yo shi Illa ina hankalinsa ya tafi? Haka kowa ke cewa in an gama ba shi labari. Abin da yake ba ta bai kai a kira shi ci ba, kuma da ƙauna yake bayarwa, mutum kuwa ba ya neman ɓarawo a cikin rigarsa. Shi ma tuwon yake zargi, da miyar, da rijiyar.

Karo na uku ne ya girgiza gidan. Ya dawo daga masallaci tun daga nesa ya jiyo salatin Ƙande. Ya tarar ta riƙe yarinyar a tsaye a ƙirjinta, fuska ta cika tam, numfashi na fita da ƙyar yana fito kamar iska a bakin gora. Leɓunan sun soma yin baƙi. Illa, wanda ya ga jini fiye da mahauci bai taɓa ko gezau ba, sai ga shi ya zauna daɓas a ƙasa. Ba abin da ke cikin zabirarsa da zai yi amfani. Suka yi ta yayyafa mata ruwa suna kiran sunan Allah, har Mai kowa ya ga dama ya sassauta, numfashi ya dawo da kaɗan-kaɗan. Kowa a gidan ya san abin da ba a faɗa ba: na fari ya fi sauƙi, na biyu ya fi shi tsanani, na uku ya kai maƙogwaro. In aka yi na huɗu, sai dai a nemi likkafani.

Aka aika Yekuwa, Mamadu ya iso da hantsi washegari, ƙafafunsa furu-furu. Suka zauna a gindin kanyar tsakar gida, Hinda na wasa da ludayi kamar ba ita ba ce jiya.

Ƙande ce ta fara. "Ni dai abin da na sani, abin da ya shiga ciki shi ke fitowa a jiki. A bar ni da ita. Yau kunun gero zalla, gobe na dawa, jibi wake, gata gyaɗa. Ran da ta kumbura mun kama ɓarawo."

Illa ya girgiza kai. "Ke, kin ga leɓunanta jiya. Ran da kika kama ɓarawon, shi ma ya kama ta. Ba za a gwada ta baki ba."

Mamadu ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni da za a bar ni, in ɗora ta a jaki in kai ta gidan likita Magariya. An ce akwai lokotoro Nasara yanzu."

"Na zauna da mutanen nan, na san aikinsu," in ji Illa. "Suna da ilimi, ban raina musu ba. Amma ku kwana a hanya, ka isa da yarinya lafiya lau tana dariya, me lokotoro zai gani? Zai tambaye ka me ta ci. Ka sani?"

Mamadu ya girgiza kai. Tamu da ta jingina da danga ta ce ita dai ta faɗi tata, ba abinci ba ne, a kai yarinya wani gari ranar kasuwa a gani.

Illa ya daɗe yana murza gemu. Sa'an nan ya jawo zancen da ya binne shekara goma sha, ya shimfiɗa musu shi. Ya ce abin da ke tayar da jiki in ya shiga ciki, watakila zai tayar da fata in an ajiye shi a bakinta, amma kaɗan, daidai wurin, ba zai kai maƙogwaro ba. Ya ce bai taɓa yi ba, bai taɓa ganin an yi ba, kuma bai san ko fatar za ta amsa yau ko sai bayan kwana uku ba. Wannan shi ne karo na farko da Ƙande ta ji mijinta ya ce bai san wani abu ba, abin ya ba ta tsoro fiye da maganar kanta.

Mamadu ya dubi 'yarsa, ya dubi hannun ubansa. Hannun nan ne ya yi masa askin suna, shi ya yi masa kaciya. Ya ce, "Baba, in hannunka ne, na yarda."

Aka samo sakaina takwas aka jera a ƙasa. Ƙande ta ɗiga abin da take dafawa ɗaya bayan ɗaya: gero, dawa, wake, gyaɗa, nonon shanu, daudawa, kuka, kowanne an dama shi da ɗan ruwa. Ta takwas Illa ya ce a sa ruwa zalla, don in fatar yarinyar irin mai fushi da aska ce, kada a ɗora wa wake laifin ƙarfe. Ya wasa ƙaramar askarsa, ya gasa bakinta a wuta, ya bari ta huce. Ya fara yi a nasa dantsen, takwas ɗin duka, suna kallo. Sa'an nan Ƙande ta kwantar da Hinda rub da ciki a cinyarta, ya zana da'ira takwas da gawayi a ɗan bayan nan, huɗu dama huɗu hagu. Ya yi bisimilla.

Waɗanda suka ga aikin sun ce bakin askar kamar bai taɓa ta ba. Ko ɗigon jini babu. Ya karce, ya ɗiga, ya goge aska, ya karce, ya ɗiga. Yarinyar sai ƙyalƙyala dariya take, ta ɗauka cakulkuli yake mata.

Aka zauna jira. Kaji suka zo suna leƙen sakainu, Tamu ta kore su da zani. Inuwar kanya ta ja taki guda, ta ja na biyu. Illa ya durƙusa ya kai idonsa dab da bayan, ya shafa da yatsa. Sumul. Ko gyaɗar da kowa ke zargi a ransa ba ta ce uffan ba.

"Ai na faɗa muku," in ji Tamu.

Mamadu ya miƙe a hankali, don kada ya kunyata ubansa, ya ce bari ya je ya duba jakin.

Hinda ta gaji da kwanciya ta soma mutsu-mutsu, Ƙande ta sake ta. Ta sauka ta yi taga-taga ta nufi zabirar kakanta da ke buɗe a tabarma. Ba ta taɓa ƙaho ba, ba ta taɓa madubi ba. Kai tsaye ta zura hannu cikin ƙaramin aljihun goro, kamar wadda ta san hanyar gidansu, ta fito da yatsu da ɓurɓushin kantu manne a jiki, ta nufi baki da su.

Illa bai san lokacin da ya cafke hannun ba. Ya riƙe shi gam har yarinyar ta tsala ihu. Ya dubi 'yan ƙwayoyin riɗin nan farare a yatsunta, sai ranakun suka jeru a gabansa su uku, kowacce da kasuwarta, kowacce da zaurenta. Kasuwa biyun da bai samu mai kantu ba, lafiya lau aka kwana. Ya ji kamar an kwara masa ruwan randa.

Ba wanda ya lura da abin da ke yatsun. Ƙande ta ɗauka aska yake gudun ta taɓa. Da ya so, da ya goge hannun a rigarsa, ya daina sayen kantu, ciwo ya ɓace, a ce turaren Tamu ne ya yi aiki, sunansa ya zauna yadda yake. An ce zuciyarsa ta raya masa haka, don shi ma ɗan Adam ne. Amma sai ya hango yarinyar ta koma Yekuwa, ya hango gidan suna ko gidan biki, wata baiwar Allah mai son yara ta miƙo mata kantu guda cur, ba wanda ya san ya ce a'a.

Ya wanke yatsun sarai. Ya ce, "Ke, kwantar da ita. Kai yaron nan, dawo. Akwai saura ɗaya."

Ya zazzage aljihun a tafin hannunsa a gaban kowa. Ƙande ta duba, ta dube shi, bakinta ya buɗe bai rufe ba. Ya murje ɓurɓushin da ɗigon ruwa, ya zana da'ira ta tara a ƙasan sauran. A ranar ne kaɗai aka taɓa ganin Illa ya dakata da aska a hannu. Ya tsaya, ya ja numfashi, ya jira ya natsu, sa'an nan ya karce.

Ba a kai ga ƙare Ƙulhuwallahu ƙafa goma ba wurin ya soma ja. Suna kallo su huɗu, fata ta taso a tsakiyar da'irar, fari a tsakiya ja a gefe, ta kai ƙwayar wake, ta wuce, ta cika gawayin ta tsallake shi. Takwas ɗin da ke sama suna nan kwance lafiya. Hinda ta kai hannu baya tana son sosawa, numfashinta kuwa lafiya ƙalau. Tamu ta saki danga tana tafa hannu tana salati. Mamadu ya durƙusa yana ta faɗin "Allahu akbar" a hankali, don bai taɓa ganin jikin mutum ya faɗi abin da ke cutarsa ƙarara haka ba, a bayan yarinyar da ko magana ba ta iya ba.

Illa ya wanke wurin da ruwa mai sanyi, ya ajiye aska. Bai ɗaga kai ba.

"Ni ne," ya ce. "Duk ukun ni ne. A zaure nake ba ta."

Ƙande ta shekara arba'in tana jiran kalmar nan, ta sha tanadin abin da za ta ce ran da ta ji ta. Da ta zo, sai ta ga ba ta so. Ta dubi tsohon nan a durƙushe, hawaye na bin gemunsa, ta ce, "Maigida, tashi, yara na kallonka. Hannun da ya ba ta shi ya gano."

Mamadu ya miƙe. Ya ɗauki 'yarsa, ya sa ta a cinyar ubansa, ya fita ya kwance wa jaki akumarin da ya ɗaura don tafiya Magariya.

Ranar kasuwa ta gaba Illa bai buɗe rumfar aski ba. Ya ɗauki Hinda a kafaɗa ya bi masu kantu da masu riɗi ɗaya bayan ɗaya, yana nuna musu fuskarta, yana gaya musu da bakinsa abin da ya yi da abin da ya biyo baya. Ya je Yekuwa ya yi haka gida-gida. Mutane suka yi ta mamaki, wasu na mamakin fatar da ta amsa, waɗanda suka san Illa kuwa na mamakin bakin da ya faɗa. Daga baya iyaye sukan kawo masa yara masu irin wannan larura daga nesa. Wani a dace, wani fatar ta yi shiru, ya ce musu bai sani ba, su nemi gaba. Kalmar ta daina yi masa nauyi.

Hinda ta girma, ta yi aure, ta haifi bakwai, ba ta ƙara kumbura ba, kuma har ta tsufa ba ta san ɗanɗanon kantu ba sai a labari. Kakanta bai fasa kawo mata tsaraba ba, goruba ce ko magarya, amma a hannu yake riƙo ta tun daga kasuwa, ya miƙa wa Ƙande ta duba tukuna.

Ya rasu ana saura shekara biyu Nasara su tafi. Da aka zo rabon 'yan kayansa, Hinda tana budurwa ta roƙi a bar ta ta taɓa zabirar kafin a ba wanda zai gaji sana'ar. Ta buɗe, ga asake a jere, ga ƙaho, ga dutsen washi ya lotse a tsakiya. Ta kai hannu wurin ƙaramin aljihun, yatsunta suka ƙi shiga. An ɗinke bakinsa ruf da zaren fata, ɗinki a kan ɗinki, wani tsoho wani sabo, don duk lokacin da zaren ya soma sakewa sai ya ƙara wani.